Darasi: Baƙin Rami da Yadda Yake Lanƙwasa Sarari da Lokaci

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana ƙarfin ja da gudun kuɓuta;
2. faɗin abin da ake kira baƙin rami da yadda yake samuwa;
3. lissafa girman baƙin rami idan an ba shi nauyinsa;
4. bayyana dalilin da ya sa agogo ke rage gudu kusa da abu mai nauyi;
5. kawo hujjoji uku da suka tabbatar wa masana cewa akwai baƙin rami;
6. faɗin rawar da wata cibiyar kimiyya ta birnin Riyad ta taka wajen gwada wannan ilimi.

Gabatarwa

Mutane da yawa sun ga hoton wani zobe mai launin garwashi da duhu a tsakiyarsa, wanda ya zaga duniya a watan Afrilu na 2019. Shi ne hoton farko na baƙin rami. Tun daga lokacin ake ta surutu a kansa: wasu na cewa ƙofa ce zuwa wata duniya, wasu na cewa wata rana zai haɗiye mu. Wannan darasi zai tsaya ne a kan abin da aka auna aka tabbatar.

Jigon darasin ɗaya ne. Duk abu mai nauyi yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, yana kuma rage gudun lokaci a kusa da shi. Wannan yana faruwa a nan Riyad, da Kano, da ko'ina a doron ƙasa, sai dai kaɗan ne ƙwarai, jiki ba ya ji. Baƙin rami shi ne inda wannan lanƙwasa ta kai maƙura.

1. Ƙarfin ja da gudun kuɓuta

Idan ka jefa dutse sama zai dawo. Idan ka ƙara ƙarfi zai ƙara nisa, amma dai zai dawo. Abin da ke dawo da shi shi ne ƙarfin ja na ƙasa. Wannan ƙarfi ba na ƙasa kaɗai ba ne. Rana tana da shi, wata yana da shi, kai ma kana da naka, gwargwadon nauyinka. Abu biyu ne ke ƙara shi: yawan nauyi, da kusanci zuwa tsakiyar abin mai nauyi.

Akwai wani gudu wanda idan aka harba abu da shi ba zai sake faɗowa ba. A doron ƙasa wannan gudu kilomita 11.2 ne a sakan ɗaya, wato kimanin kilomita 40,000 a awa. A kan wata kilomita 2.4 ne kacal a sakan, domin wata bai kai ƙasa nauyi ba. A fuskar rana kuwa ya haura kilomita 600 a sakan.

> AKWATIN KALMOMI 1
> Ƙarfin ja: ƙarfin da kowane abu mai nauyi yake jawo wasu abubuwa da shi zuwa gare shi.
> Gudun kuɓuta: mafi ƙarancin gudun da abu ke bukata kafin ya rabu da jan wata duniya ko tauraro har abada.
> Gudun haske: kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Babu abin da ya fi shi gudu.

*Misali na 1.* Tsakanin Kano da Riyad akwai kimanin kilomita 4,200 ta jirgin sama. Abin da ke tafiya da gudun kuɓuta na ƙasa zai ci wannan tazara cikin sakan nawa?

Lissafi: 4,200 ÷ 11.2 = sakan 375, wato minti 6 da sakan 15. Haske kuwa zai ci wannan tazara sau 70 kafin sakan ɗaya ya cika, domin 300,000 ÷ 4,200 ya ɗan haura 71.

Yanzu ga tambaya: idan aka samu wani abu wanda gudun kuɓutarsa ya fi gudun haske fa? Wani malamin Ingila mai suna John Michell ya yi wannan tunani tun a 1783. Ya ce irin wannan tauraro ba za a gan shi ba, domin haskensa ba zai iya fitowa ya iso idon kowa ba. A zamaninsa babu hanyar gwada maganar, sai aka manta da ita fiye da shekara ɗari.

2. Sarari da lokaci suna lanƙwasa

A watan Nuwamba na 1915 Albert Einstein ya gabatar da sabon bayani a kan ƙarfin ja a birnin Berlin na Jamus. Kafin shi an ɗauka sarari fili ne kawai da abubuwa ke wucewa a cikinsa, lokaci kuma yana tafiya daidai wa daida ga kowa a ko'ina. Einstein ya nuna cewa sarari da lokaci a haɗe suke, kuma nauyi yana sauya siffarsu.

Ga kwatancen da zai taimaka. Mutum huɗu su riƙe gefunan bargo su ja shi ya miƙe. A ɗora dutsen niƙa a tsakiya, bargon zai lotsa. A gangaro da lemo daga gefe, za a ga ya karkata zuwa wajen dutsen, ko ya kewaya shi. Babu igiyar da ta ja lemon, hanyar da yake bi ce ta lanƙwashe. Haka ƙasa ke kewaya rana, haka wata ke kewaya ƙasa. A lura dai cewa bargo shimfiɗa ce kawai, shi kuwa sarari yana lanƙwasa ta kowace fuska, kuma lokaci ma yana cikin abin da ke lanƙwasawa.

Idan maganar Einstein gaskiya ce, dole haske ma ya karkata idan ya gitta kusa da rana. An gwada wannan a ranar 29 ga Mayu, 1919, lokacin da aka yi husufin rana. Arthur Eddington na Ingila ya je tsibirin Principe da ke Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma ta je garin Sobral na Birazil. Da wata ya rufe rana sai taurarin da ke gefenta suka bayyana, aka ɗauki hotonsu. Aka ga sun ɗan gusa daga inda aka san su, daidai da hasashen Einstein, wanda ya ce hasken da ya shafi gefen rana zai karkata da kimanin kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri.

> AKWATIN KALMOMI 2
> Sarari-da-lokaci: tsawo, faɗi, zurfi da lokaci idan an ɗauke su a matsayin abu guda mai iya lanƙwasawa.
> Shekarar haske: nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Ma'aunin nisa ne.
> Maikurosakan: kashi ɗaya cikin miliyan na sakan.

3. Agogon sama ya fi na ƙasa gudu

Wannan sashe shi ne mafi wuyar karɓa, don haka a bi shi a hankali. Inda ƙarfin ja ya fi yawa, lokaci ya fi tafiya a hankali. Ba agogon ne ya lalace ba. Bugun zuciya, narkewar abinci, tsufa, komai yana bin wannan tafiya. Wanda ke wurin ba zai ji wani sauyi ba, sai an kwatanta agogonsa da na wani wuri sannan a ga bambanci.

A doron ƙasa ƙa'idar ita ce: duk hawan mita 100 yana sa agogo ya wuce na ƙasa da kimanin sulusin maikurosakan a shekara. A 2010 masana a Amurka sun ɗaga wani agogo mai tsananin daidaito da santimita 33 kacal, suka auna bambancin.

*Misali na 2.* Burj al-Mamlaka da ke kan Titin Sarki Fahad a Riyad yana da tsawon mita 302. A ce wani ma'aikaci yana aiki a ƙololuwar ginin, ɗan'uwansa kuma yana gadi a ƙofar ƙasa. Agogon wa zai fi gudu, kuma da nawa?

Lissafi: mita 300 ɗari uku ne. Sulusi sau uku ya zama ɗaya. Ke nan agogon na sama zai wuce na ƙasa da kimanin maikurosakan 1 a shekara. Ko da za su shekara 70 a haka, bambancin ba zai wuce maikurosakan 70 ba, abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne amfanin abin da bai kai ƙiftawar ido ba? Misali na gaba zai ba da amsa.

*Misali na 3.* Direban tasi a Riyad yana dogara da taswirar wayarsa kafin ya gano gidan fasinja. Wayar tana gane inda take ne ta hanyar saƙon lokaci da take karɓa daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. A can ƙarfin ja ya ragu, don haka agogunansu suna wuce namu da maikurosakan 45 a kullum. Gudun da suke yi kuma yana rage musu maikurosakan 7. Idan ba a gyara ba, kuskuren mita nawa zai taru a yini ɗaya?

Lissafi: 45 − 7 = 38. Saƙon yana tafiya da gudun haske, wato mita 300 a maikurosakan ɗaya. 38 × 300 = mita 11,400. Kuskuren ya haura kilomita 11 a yini guda. Shi ya sa injiniyoyi ke saita agogunan da lissafin Einstein tun kafin a harba su.

4. Yadda baƙin rami ke samuwa

Tauraro dunƙulen iskar gas ne mai tsananin zafi, rana ma tauraro ce. A cikinsa ƙarfi biyu ke ja-in-ja. Nauyinsa yana danna shi ciki. A tsakiyarsa kuma ƙwayoyin haidirojin suna haɗewa su zama hiliyam, zafin da ke fita daga nan yana tura shi waje. Muddin akwai makamashi, ba wanda ke kayar da wani. Ranar da makamashin ya ƙare sai nauyi ya yi galaba, abin da zai biyo baya kuma ya danganta da girman tauraron.

Ƙaramin tauraro irin ranarmu zai zubar da ɓawonsa ya bar ƙwaya fara mai girman ƙasa. Ga rana wannan sai nan da kimanin shekara biliyan 5. Subrahmanyan Chandrasekhar, ɗan Indiya, ya lissafa a shekarun 1930 cewa irin wannan ƙwaya ba za ta iya tsayawa ba idan nauyinta ya wuce na rana sau 1.4.

Tauraron da ya fi haka girma sosai yana fashewa ne, ya bar dunƙule mai faɗin kimanin kilomita 20 amma ya fi rana nauyi.

Idan kuwa tauraron ya kai nauyin rana sau 20 ko fiye, ƙwayarsa kan yi nauyin da babu wani ƙarfi da aka sani da zai tare ta. Sai ta yi ta rushewa cikin kanta har gudun kuɓuta ya wuce gudun haske. Nan ne baƙin rami ya samu. Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder sun nuna haka a lissafi a 1939, Roger Penrose kuma ya tabbatar a 1965 cewa ka'idar Einstein ce da kanta ta wajabta hakan.

> AKWATIN KALMOMI 3
> Baƙin rami: wuri a sararin samaniya da nauyi mai yawa ya cushe a ɗan ƙaramin fili, har ko haske ba ya iya fita daga cikinsa.
> Iyakar rashin dawowa: kewayen baƙin rami wanda duk abin da ya tsallake shi ya shiga ke nan. Ba bango ba ne, babu abin taɓawa a wurin.
> Cibiyar rami: tsakiyar baƙin rami, inda nauyin ya tattaru kuma lissafin Einstein ya daina ba da amsa.

5. Girman baƙin rami

Karl Schwarzschild, masanin taurari ɗan Jamus, shi ne ya fara warware lissafin Einstein game da dunƙulallen abu. Ya yi aikin yana soja a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga shi a farkon 1916, ya rasu a watan Mayu na shekarar. Daga aikinsa aka samo ƙa'ida mai sauƙi:

Nisa daga cibiya zuwa iyakar rashin dawowa = kilomita 3 × yawan nauyin rana da ke cikin ramin.

Wato da za a matse rana har rabin faɗinta ya koma kilomita 3, da ta zama baƙin rami. Ƙasa kuwa sai an matse ta har rabin faɗinta ya koma milimita 9.

*Misali na 4.* Wani baƙin rami yana da nauyin rana sau 10. Ina iyakarsa?

Lissafi: 3 × 10 = kilomita 30. Daga tsakiyar Riyad zuwa filin jirgin sama na Sarki Khalid kimanin kilomita 35 ne. Ke nan nauyin rana goma ya shige cikin kewayen da rabin faɗinsa bai kai daga tsakiyar gari zuwa filin jirgi ba.

Baƙin rami iri biyu ne aka fi sani. Akwai ƙanana da suka fito daga mutuwar tauraro, irin Cygnus X-1 mai nauyin rana sau 21. Akwai kuma ƙattai da ke zaune a tsakiyar gungun taurari. Na tsakiyar gungunmu, wato gungun da ranarmu take ciki, mai suna Sagittarius A*, ya kai nauyin rana kimanin sau miliyan 4, yana nisan shekarar haske kimanin 26,000 daga gare mu.

6. Abin da ke faruwa a kusa da shi

*Lokaci.* Ragin gudun lokaci da muka gani a Burj al-Mamlaka yana zama babba a nan. Mu ɗauki ramin Misali na 4 mai iyaka a kilomita 30. Agogon da aka tsayar a kilomita 40 daga cibiya zai yi rabin gudun agogon da ke can nesa: awa ɗaya a wurinsa awa biyu ce a wajenmu. A kilomita 30.3, awa ɗaya a wurinsa awa goma ce a wajenmu. Mai kallo daga nesa zai ga abin da ke faɗawa yana ta rage gudu, haskensa yana ja yana dusashewa har ya ɓace, ba zai taɓa ganin tsallakawarsa ba. Shi kuwa abin da ke faɗawar, a nasa agogon, tsallakawa yake yi kai tsaye.

*Jiki.* Idan mutum ya nufi ƙaramin baƙin rami da ƙafa, jan da ke kan ƙafarsa zai fi na kansa nesa ba kusa ba. Wannan bambanci zai miƙe shi ya tsinka shi tun kafin ya isa iyaka. A ƙaton rami bambancin kaɗan ne a bakin iyaka, don haka zai iya tsallakawa lafiya, sai dai babu hanyar komowa ko aiko da saƙo.

*Juyawa.* Roy Kerr, ɗan New Zealand, ya warware lissafin baƙin rami mai juyawa a 1963. Irin wannan rami yana jan sararin da ke kewaye da shi yana juyawa tare da shi. A kusa da iyaka babu abin da zai iya tsayawa cik, dole ya bi juyin.

*Daga nesa.* Baƙin rami ba ya zuƙe duk abin da ke duniya. Daga nesa jansa daidai yake da na kowane tauraro mai irin nauyinsa. Da za a musanya rana da baƙin rami mai nauyinta, ƙasa za ta ci gaba da kewayawa a kan hanyarta cikin kwana 365, sai dai duhu da sanyi su hallaka mu. Mafi kusa da aka gano zuwa yanzu, Gaia BH1, yana nisan shekarar haske fiye da 1,500.

7. Gudummawar Riyad: gwajin Gravity Probe B

Ba za a iya zuwa bakin baƙin rami a yi awo ba. Amma ka'idar Einstein ta ce ƙasa ma tana lanƙwasa sarari, kuma da yake tana juyawa, tana jan sararin tare da ita, ko da kaɗan ne. Idan aka auna wannan a nan kusa, an gwada lissafin da ake bayyana baƙin rami da shi.

Don haka hukumar NASA da Jami'ar Stanford ta Amurka suka harba tauraron ɗan'adam mai suna Gravity Probe B a ranar 20 ga Afrilu, 2004, ya riƙa kewaya ƙasa a nisan kimanin kilomita 640. A cikinsa akwai ƙwallaye huɗu na dutsen kwaz, kowace faɗinta santimita 3.8, an goge su sun yi sumul, suna juyawa da sauri. Abu mai juyawa haka yana riƙe fuskar da ya dosa muddin ba a taɓa shi ba. Aka saita su da wani tauraro mai nisa. Idan sarari a miƙe yake, za su ci gaba da duban tauraron. Idan a lanƙwashe yake, za su riƙa karkata sannu a hankali.

An kwashe kimanin shekara ɗaya ana tattara bayanai. Da aka zo tantancewa sai aka tarar wata 'yar wutar lantarki da ta maƙale a jikin ƙwallayen ta gurɓata awon, kuma tace shi zai ɗauki shekaru. A watan Satumba na 2008 kuɗin NASA ya ƙare alhali aikin bai kammala ba. A nan ne Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, wadda aka kafa a 1977, ta shigo da kuɗi, masananta kuma suka shiga aikin tantancewar tare da tawagar Farfesa Francis Everitt.

A ranar 4 ga Mayu, 2011 aka sanar da sakamako. Lanƙwasar sarari ta karkata ƙwallayen da kimanin digiri 0.0018 a shekara, jan da juyawar ƙasa ke yi wa sarari kuma ya ƙara wata karkata ta kimanin digiri 0.00001 a shekara. Duka biyun sun dace da hasashen Einstein.

*Misali na 5.* Idan ƙwallo tana karkata da digiri 0.0018 a shekara, shekara nawa za ta ɗauka kafin ta karkata da digiri ɗaya?

Lissafi: 1 ÷ 0.0018 ya ba da kimanin shekara 556. Wannan ya nuna ƙanƙantar abin da aka auna a kusa da ƙasa.

8. Yadda aka gano abin da ba ya haske

Hanya huɗu masana ke bi.

*Ta farko, zafin abin da ke faɗawa.* Gas ɗin da baƙin rami ke janyowa daga tauraron da ke maƙwabtaka da shi yana kewaya shi da gudu, ya yi zafi har ya riƙa fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ta haka aka gano Cygnus X-1 a 1964, zuwa farkon shekarun 1970 aka fara gane ko mene ne.

*Ta biyu, tafiyar taurari.* Tun daga shekarun 1990 tawagar Reinhard Genzel a Jamus da ta Andrea Ghez a Amurka suke bin taurarin tsakiyar gungunmu. Ɗaya daga ciki, S2, yana kewaya wani abu da ba a gani cikin shekara 16. Daga saurinsa aka lissafa nauyin Sagittarius A*. Su biyun da Penrose suka karɓi kyautar Nobel ta 2020.

*Ta uku, girgizar sarari.* Idan baƙin rami biyu suka yi karo, sarari da kansa yana kaɗawa, kaɗawar ta bazu da gudun haske. A ranar 14 ga Satumba, 2015 na'urorin LIGO biyu a Amurka, masu hannuwa na kilomita 4, suka kama irin wannan kaɗawa a karon farko. Ramuka biyu ne, ɗaya nauyin rana 36, ɗaya 29, suka haɗe suka zama guda mai nauyin rana 62, a nisan shekarar haske kimanin biliyan 1.3.

*Ta huɗu, hoto.* An haɗa na'urorin hangen nesa takwas da ke sassa daban-daban na duniya suka yi aiki tare a ƙarƙashin shirin Event Horizon Telescope. A ranar 10 ga Afrilu, 2019 aka fitar da hoton ramin da ke tsakiyar gungun M87, mai nauyin rana sau biliyan 6.5, a nisan shekarar haske miliyan 55. Zoben da ake gani hasken gas ne da ramin ya lanƙwasa, duhun tsakiya kuma inuwar ramin ce. Hoton Sagittarius A* ya biyo baya a ranar 12 ga Mayu, 2022.

Taƙaitawa

- Nauyi yana lanƙwasa sarari, yana rage gudun lokaci.
- Baƙin rami yana samuwa idan nauyi ya cushe har gudun kuɓuta ya wuce gudun haske.
- Iyakarsa kilomita 3 ce ga kowane nauyin rana guda.
- Daga nesa jansa bai fi na tauraro mai irin nauyinsa ba.
- An auna lanƙwasar sarari a kusa da ƙasa, kuma wata cibiya ta Riyad ta taimaka aka kammala awon.

Tambayoyin bita

*A. Cike gurbi*

1. Gudun kuɓuta a doron ƙasa kilomita ______ ne a sakan.
2. Einstein ya gabatar da bayaninsa a kan ƙarfin ja a shekarar ______.
3. Baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu sunansa ______.

*B. Gaskiya ko ƙarya? Kawo dalili.*

4. Ranarmu za ta zama baƙin rami idan makamashinta ya ƙare.
5. Iyakar rashin dawowa bango ne mai tauri.
6. Shekarar haske ma'aunin lokaci ce.

*C. Lissafi*

7. Nemo iyakar Cygnus X-1, mai nauyin rana sau 21.
8. Nemo iyakar Sagittarius A*. Kwatanta amsarka da nisan ƙasa daga rana, kilomita miliyan 150.
9. Riyad tana kan tudu mai kimanin mita 600 sama da teku, Jidda kuma tana bakin teku. Agogon wane gari ya fi gudu, kuma da maikurosakan nawa a shekara?
10. A karon da LIGO ta kama, tara 36 da 29, ka debe 62. Nauyin rana nawa ne ya koma girgizar sarari?

*D. Bayani*

11. Me ya sa aka jira husufin rana kafin a yi gwajin 1919?
12. Bayyana da kalmominka yadda Gravity Probe B ya auna lanƙwasar sarari, da matsalar da ta sa aikin ya yi jinkiri.
13. Wani ya ce maka baƙin rami zai haɗiye duniya nan ba da jimawa ba. Ba shi amsa da hujja biyu daga wannan darasi.

Aikin gida

Tsakanin watan Yuni da Agusta, ku fita bayan gari da dare, inda fitilun birni ba su kai ba, ku fuskanci kudu. Ku nemo taurarin Akrab masu siffar kunama, ku bi su har wutsiya. Ɗan gaba da wutsiyar ta gabas, inda farin gajimaren taurari ya fi kauri, nan ne sashen da Sagittarius A* yake. Ku zana abin da kuka gani a littafinku, ku rubuta kwanan wata da lokaci, ku kawo aji. Wanda lissafin sashe na C ya ba shi wuya ya sake bin Misali na 2 da na 4 mataki-mataki da biro a hannu kafin ya nemi taimakon malami.